Zuciyar Inna da Aiken Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Wanda bai tashi cikin Fulanin yankinmu ba zai ɗauka ƙiyayya ce, alhali kunya ce, kuma haka kowace uwa ke yi da ɗanta na farko a rugagen Kurawa. Ba ta kallon idona, ba ta zama a tabarmar da na zauna, in na shiga ɗaki sai ta samu abin yi a waje. Ina ƙarami anka kai ni garin Isa, gidan wani malami aminin mahaifina, na tashi cikin 'ya'yansa, shi ne kuma ya sa ni boko. Da na gama na zama malamin dabbobi a Sabon Birni, sai Inna ta samu abin kirana. In za ta yi zancena sai ta ce "likitan shanun nan." Ni kuwa in na zo gaishe ta a bakin ƙofa nake durƙusawa, ta amsa tana kallon ƙwaryar da ke hannunta.

Mun haura shekara arba'in a haka, kuma wallahi ban taɓa jin an rage ni da komai ba. Ta san ina son fura mai ɗan tsami. Duk ranar da na je sai in iske an aje ta inda hannuna zai kai, ba mai cewa ga wadda ta dama.

Da zaman daji ya gagara, mahaifina kuma ya riga ya rasu, sai na ɗauko ta na dawo da ita cikin gari, na gyara mata ɗaki a bayan gidana. 'Yan shanun da sunka rage, ƙanenta ya kora su wajen Burkusuma, kusa da iyaka. Wannan kawun nawa shi ne bakinmu ni da ita. Da shi take hira, shi take zagi, shi take yi wa dariya har haƙoranta su bayyana. Duk ranar kasuwa zai zo a kan babur, ya fara zama da ni a zaure in faɗa masa abin da nake son ta ji, ya tashi ya shiga wurinta, ya dawo mini da amsa. Daga zauren zuwa ɗakinta taku goma sha biyu ne, na sha ƙirgawa.

Ni na fara lura da ciwon. Ta daina daka, in ta ɗebo ruwa sai ta tsaya a tsakar gida ta dafa bango tana haki. Wata rana da hantsi na saci kallonta ta gefe, na ga jijiyar wuyanta tana tsalle ba tsari. Na san ba lafiya ba, don na taɓa ganin irin haka ga tsohon doki. Ga abin sauraren ƙirji a jakata, na ɗora shi a kan bijimi, na ɗora a kan raƙumi, har jakin da ya harbe ni na ɗora masa, amma ina ni ina ƙirjin Inna? Sai na ce da kawu ya riƙe wuyan hannunta, duk bugun da ya ji ya ƙwanƙwasa sandarsa a ƙyauren ɗakin, ni kuma in tsaya a waje in saurara. Ya shiga yana tsokanarta wai yau shi ne likita. Sai na ji sanda: ƙwas, ƙwas-ƙwas-ƙwas, shiru, ƙwas, shiru mai tsawo, sannan huɗu a jere kamar ana kora su. Na ɗaga murya na ce, "Kawu, ka daina wasa." Ya ce, "Wallahi abin da na ji nake bugawa."

A Sakkwato likita ya ba abin suna. Ya ce ɗakunan sama na zuciyarta sun daina bugawa, rawa kawai suke yi, kuma nata irin wanda ya zo ya zauna ne, ba mai zuwa ya tafi ba. Ya ba ta maganin rage gudun zuciya da na tsinka jini, don kada jini ya yi guda a ciki ya tafi ƙwaƙwalwa. Anka sa ta barci anka girgiza zuciyar da lantarki, ta daidaita kwana tara ta koma gidan jiya. Daga nan ya ce akwai wani asibiti a Ikko inda wani likita ke zuwa daga ƙasar waje sau biyu a shekara, yana ƙona wuraren da ke tayar da bugun banza. Anka sayar da abin da anka sayar, ba shi na zo faɗi ba. Munka tafi mu uku, ni da Inna da matar kawu, don kawu ba ya iya barin shanu.

A asibitin nan babu mai jin Hausa ko Fulatanci sai mai gadi, don haka ni ne tafinta. Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya zana zuciya a takarda, ya ce za a zura siririyar waya ta cikin jijiyar jini har ta isa can, a ƙona kewayen wasu ƙofofi huɗu, tabon ya zama shinge da zai tare bugun banzan. Na juya wa matar kawu wannan da Hausa, ita kuma ta maimaita wa Inna, ko da yake Inna tana zaune tana ji. Sai na tambaye shi ta ina wayar za ta shiga. Ya nuna a jikinsa, a matsematsi, inda cinya ta haɗu da mara. Ya ce za a aske wurin, bayan an gama kuma za a danne shi da hannu, ta kwanta a miƙe awa da yawa. Ya ce, "Ka faɗa mata duka, sannan ka tambaye ta in ta yarda."

Mutumin da bai taɓa ce wa uwarsa "kin ci abinci?" ido da ido ba, yau shi zai ambaci matsematsinta a gabanta, a gaban matar kawunsa? Na ce da matar kawu, "A ce mata ta jijiyar ƙafa za a bi." Na san abin da nake yi, ba kuskuren fassara ba ne, ɓoyewa na yi. Inna ta miƙa babban yatsa ta dangwala a takarda.

Da la'asar a masaukinmu na zo wucewa ta wajen famfo, na gan ta zaune a kan bokiti da dutse a hannu, tana gurzar dunduniyarta. Matar kawu tana dariya ta ce mini, "Ka ga yayar mijina, wai ba za ta miƙa wa baƙi ƙafa mai kaushi ba." Na tsaya a wurin. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai in ji kamar in mari kaina, don lokacin yana nan, bakina yana nan, ba abin da ya rage sai in ja matar kawu gefe in faɗa mata gaskiya. Na juya na tafi sayen lemo.

Washegari anka shiga da ita. Maza huɗu na ƙirga sun shiga ɗakin. Da anka fito da ita bayan awa huɗu, fuskarta tana wajen bango, kuma haka ta bar ta har munka bar asibitin. Ba ta yi kuka ba. Matar kawu ce ta tare ni a baranda idonta jajir ta ce, "Kai dai ka san haka za a yi mata?" Na ce aikin likita ne, haka ake yi wa kowa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Tir."

Abin haushin shi ne aikin ya ci. Munka dawo gida zuciya ta daidaita, Inna ta koma daka, har kasuwa take zuwa da ƙafa ta sayo gishirin kanta. Fura ta ci gaba da zuwa inda hannuna zai kai. Sai na ce wa kaina to ai shi ke nan, na yi dabara, da na faɗa mata da ta ƙi, da yanzu tana kwance. Na yi wata biyar ina yaba wa kaina. Da damina ta kankama sai haki ya dawo, ƙafafunta sunka fara kumbura, takalmin robarta ya daina shiga. Kawu ya sake riƙe hannu ya buga sanda, ban ma bari ya yi nisa ba na ce ya isa.

Munka koma Sakkwato anka ɗauki awon zuciya, likitan can ya tura wa na Ikko, anka haɗa ni da shi a waya. Ya ce wannan ba abin mamaki ba ne, irin nata da ya daɗe ƙonawa ɗaya ba ta cika isarsa ba, don bugun banzan yana fitowa daga wuraren da shingen farko bai kai ba. Ya ce zuciyar ta fara gajiya da gudun, shi ya kawo kumburin. Sannan ya lissafa mini hanyoyin da sunka rage, waɗanda ba kowa ake yi wa ba. Akwai wata 'yar jijiya a bayan zuciya, ana bi da bututu a ɗura mata barasa zalla, 'yar kaɗan, ta kashe naman da wuta ba ta iya kaiwa daga ciki, a haɗa da sabuwar ƙonawa. Akwai kuma wadda likitan fiɗa zai huda ƙarƙashin ƙahon zuci ya ƙona bayan zuciyar daga waje, daga baya a ƙarasa ta ciki. In duk sun gagara, sai a yanke hanyar da ke kai saƙo daga ɗakunan sama zuwa na ƙasa, a dasa mata na'ura mai batir a ƙirji ta riƙa ba da bugu har ƙarshen rai. Shi ta barasar ya fi so mata. Na tambaye shi ko akwai wadda ba a bi ta matsematsi. Ya ce babu, ko wacce sai an bi ta nan a wani mataki. Ya ce ba ya yi mini alkawarin warkewa, amma in sani duk watan da ya wuce ɗakin zuciyar yana ƙara buɗewa, in ya buɗe da yawa kuma ba ƙonawar da za ta riƙe. Zai zo bayan wata uku.

Ranar kasuwa na zaunar da kawu a zaure na zana masa zuciya a ƙasa da tsinke. Na maimaita masa har sau uku, na sa ya maimaita mini. Wannan karon ban ɓoye komai ba, don da kawu nake magana, ba da ita ba. Ya shiga ya daɗe, ina jin muryarsu sama-sama. Ya fito ya zauna ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Ta ce ta gode, a bar ta haka nan."

Nan take na ce barasar ce. Me kuma zai zama? Tsohuwar da ko turaren kanti ba ta shafawa don an ce mata akwai barasa a ciki, a ce za a ɗura mata ita cikin zuciya? Na ce wannan mai sauƙi ne, fatawa za ni nemo. A lokacin hanyar Isa ba ta biyuwa sai an taru an yi ayari, wani makon ma ba a tafiya sam. Na jira mako uku kafin na samu shiga. Na iske malamin da ya rene ni ya tsufa ƙwarai, yana kishingiɗe a zaure 'ya'yansa ke ba da karatu. Na yi masa bayani, ya sa na sake. Ya tambaya ko abin zai bugar da ita, na ce a'a. Ya tambaya ko akwai abin da zai maye gurbinsa, na ce likita ya ce shi ya fi dacewa da ita. Ya ce to wannan magani ne na larura, ba sha ba ne, babu laifi a kanta ko a kaina. Har na fara godiya sai ya ce, "Ita me ta ce maka?" Na ce, "Kawu ya ce ta ce a bar ta." Ya dube ni, sannan ya ce Allah ya ba ta lafiya. Ni hankalina yana kan in riski ayarin komawa.

Na ɗora wa kawu fatawar, ya ɗauka ya shiga. Bai daɗe ba wannan karon. Ya ce, "Ta ce malam ya yi gaskiya, Allah ya ƙara masa lafiya, amma dai a bar ta." Likita ya zo Ikko ya yi kwanakinsa ya koma, ba mu je ba.

Sai a nan na yarda na dubi abin da nake gudu. Na ce to tsiraicin ne, abin da anka yi mata wancan karon ne ba ta son a sake. Na hau waya. Na dami asibitin nan har wata ma'aikaciya ta gane lambata tana ɗauka da "kai ne kuma?" Sabis ɗin waya a garinmu yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci sai na hau babur na fita bayan gari na nemi tudu. Na yi ta naci har sunka yi mini alkawari mata ne za su shirya ta, su rufe ta ruf, ba abin da zai bayyana sai wuri kamar tafin hannu, kuma mace za ta danne wurin bayan an gama. Na ji kamar an sauke mini buhu. Na aika kawu ya zo da matarsa, na faɗa masa, ya faɗa mata, sunka shiga tare. A lokacin Inna ta daina kwanciya a miƙe, sai an jingina ta da buhun gero take samun numfashi.

Sunka fito, kawu bai ma zauna ba. Ya ce, "Amsar dai ita ce."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na manta da wanda nake magana. Na ce, "Wai me take so ne? Mutuwa? Na kawo likita, na kawo malami, na kawo mata, me ya rage in kawo, mala'ika? Ko kai ne ba ka iya kai saƙo ba?" Kawu mutum ne mai sanyi, amma ranar ya murtuke. Ya ce, "Ɗana, ni ɗan aike ne. Abin da ka ba ni na kai, abin da ta ba ni na kawo. In ka ga ban iya ba, ga hanya nan." Ya nuna ƙofar cikin gida da sandarsa. Na ɗauka baƙar magana ce yake faɗa mini, na yi tsaki na fita. Na yi fushi da tsohuwar da ke fama da numfashi, na yi mako guda ban je gaishe ta ba. Haka nake, in na rasa yadda za ni yi sai in nemi wanda za ni ji haushi.

Ba za ni ce tunanin shiga da kaina bai taɓa zo mini ba. Ya zo. Wata rana da azahar na tashi daga zaure na yi takun nan har bakin ƙofarta, na shirya kalmomina tsaf. Na yi gyaran murya. Ta ce, "An wuni lafiya?" tana kallon gefe, muryarta ƙasa-ƙasa, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Na ga idan na yi maganar dole ta tuna Ikko, dole ta san na san abin da na yi, dole mu dubi juna. Na ce a raina kada in ƙara mata nauyi, in keta mata kunyar da ta riƙe shekara arba'in. Haka na riƙa faɗa wa kaina, wai ita nake tausayawa. Na ce, "Lafiya lau, ya jiki?" Ta ce da sauƙi. Na tashi na koma zaure.

Zuwan likita na biyu ma ya wuce. Bayan girbi numfashi ya tsananta, munka kai ta Sakkwato a kwance a bayan mota. Anka sake ɗaukar hoton zuciya. Likitan ya kira ni ofis ya juyo mini da allon, ya nuna ɗakin da ake magana, ya zama kamar salkar da ta daɗe ana cika ta ta saki. Ya ce ya yi magana da na Ikko, ta barasar da ta hudawar duk sun wuce, ko an yi ba za su riƙe ba. Saura ta na'urar, ita ma sai ta yi ƙarfin da za ta jure tafiya da kwanciya a miƙe, kuma bai ga alamar haka ba. Ya ƙara mata maganin fitar da ruwa ya ce mu koma gida. Na tambaye shi da mun zo wata shida baya fa? Ya ce ba shi da tabbas, amma da akwai abin gwadawa. Na fito na zauna a gindin wata bishiya a harabar asibitin, na rasa ko kukan ma ta ina ake fara shi.

Bayan mako biyar, da hantsi, matata ta ƙwala mini kira daga cikin gida. Inna ta zame daga jikin buhun, bakinta ya karkace, hannun hagu da ƙafar hagu sun saki. Likitan garinmu ya ce gudan jini ne ya tafi ƙwaƙwalwa, maganin tsinka jinin yana rage haɗarin ne, ba ya kawar da shi. Maganarta ba ta ɗauke ba, sai dai ta fara rikita mutane, ta kira matata da sunan wata ƙawarta da ta rasu tun ina yaro. A makon nan hanyar Burkusuma ta rufe, kawu bai samu zuwa ba. Matata ita kaɗai ba ta iya ɗaga ta. Dole na shiga ɗakin, na sa hannu a ƙarƙashin kafaɗunta na gyara mata zama. Rabon da jikina ya taɓa nata tun ina goye. Ba ta da nauyi ko kaɗan in ban da ƙafafun.

Ta ɗago ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai ta yi murmushi da rabin bakinta, ta kira ni da sunan tsokanar da take kiran kawu. Ta ce, "Kai, sai yau? Zauna nan." Ta dafa tabarmar kusa da ita. Na dubi matata, ta yi mini alama in zauna, ta fita.

Na zauna. Inna ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya, ta tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, na amsa abin da na sani. Sai ta rage murya ta ce, "Likitan shanun nan yana zaure?" Na ce yana nan. Ta ce, "Ka gan shi ko? Sau uku yana aiko ka."

Na ce, "Ai don yana son ki warke ne."

Ta ce, "Na sani. Wai barasa. Wa ya ce da shi barasa ta dame ni? Ni yarinya ce da ban san magani ba? Wai mata za su rufe ni. Ni da na haihu bakwai a daji, me ya rage a jikin nan da za a rufe?" Ta tsaya ta ja numfashi, na ji bugun zuciyarta yana gudu ba tsari a jikin hannuna. Ta ce, "Kai ma ban faɗa maka ba, don bakinka ba ya riƙe magana. Tun da na haifi yaron nan bai taɓa roƙona komai ba. Ko allura. Ni ma ban taɓa ba shi komai da hannuna ba. Na ce to ga abu ya zo, in dai yana son raina, shi zo da ƙafarsa shi ce, Inna ki yi. Sau ɗaya tak. Wallahi da ko garwashi za a zuba mini a ƙirji sai na kwanta. Ina jin tafiyarsa, in ce yau ne, sai ya gaishe ni ya juya."

Ban san lokacin da na durƙusa a gabanta ba. Na ce, "Inna, ni ne. Ni ne ɗanki. Na zo. Na roƙe ki ki yi." Na faɗa ina sane da cewa babu sauran abin da za a yi, likita ya riga ya rufe takardar. Na sake faɗa, na ƙara da neman gafara, hawaye yana shiga mini baki.

Ta yi 'yar dariya ta ture kaina da yatsa. Ta ce, "Ji ɗan banza, har muryarsa ka iya. Bar wasa, ni ba ni da lafiya. Tashi ka je ka ce masa shi zo da kansa."

Na tashi na fita. Na je har zaure, na wanke fuskata da ruwan buta, na canza riga, na sa hular da ta saba ganina da ita, na rataya jakar aikina don ta gane. Na dawo na yi sallama da ƙarfi na faɗi sunana, na shiga har tsakiyar ɗakin na tsaya inda haske ke faɗowa. Ta daɗe tana kallona, sannan ta leƙa bayana wajen ƙofa.

Ta ce, "Ya ƙi zuwa ko?"